Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Idan Mai Riƙe Da Makullin Magani Ya Kamu



Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe da alli, tun da na fito daga makarantar horon malamai ta nan Damagaram. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san babu abin da ke faranta wa malami rai kamar ya shiga asibiti ya tarar da yaron da ya koya wa baƙi sanye da farar riga, ya taso da sauri yana cewa, "Mushe, lafiya dai?" Ina da irin wannan yaron. Na koyar da shi a aji shida na firamare a nan Zango, ya yi karatun jinya, aka tura shi wata likitar karkara mai nisa da kwalta. Ba zan faɗi sunansa ko sunan garin ba, kuma da izininsa nake wannan rubutu.

Wata rana bayan sallar magariba mahaifinsa ya yi sallama da ni. Muka zauna a kan dakali, ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Malam, ɗanka ya lalace. An ce maganin marasa lafiya yake yi wa kansa allura da shi. Na yanke shawara in ƙetara da shi iyaka in kai shi gidan mari, tun kafin maganar ta fasu." Na ce, "Baba, a ba ni kwana uku." Cikin kwanakin nan uku na fara tambayar da ta kai ni ga tarihin da zan ba ku yau: idan wanda muka damƙa wa makullin magani ya kamu da maganin, me mutanen da suka yi, me wasu ƙasashe suke yi, mu kuma me muke yi?

Kafin a kawo kabad da makulli

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Birni yana da ganuwarsa da fadarsa, Zango kuwa masaukin ayari ne, inda fatake daga Agadas da Ghat da Tarabulus suke sauke kaya kafin wasu su wuce Kano. Masu magani na lokacin sanannu ne: wanzami mai aski da ƙaho da kaciya, maɗori mai ɗorin karaya, ungozoma, 'yar mai ganye, ɗan magori, da malamin da ke rubutun sha. Yawancin waɗannan sana'o'i gado ne. Yaro yakan tashi yana riƙe wa ubansa zabira shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa kan mutum, sannan a bisansa akwai sarkin sana'a da dattawan gidansu. In hannunsa ya fara rawa, ko halinsa ya canza, waɗanda za su fara lura su ne waɗanda suke cin tuwo kwano ɗaya da shi, kuma suna da ikon karɓe askar su ajiye har ya dawo daidai. Abubuwan sa maye suna nan tun a lokacin, akwai taba, akwai giya, akwai zaƙami da yara ke kira haukata-yaro. Sai dai mai magani ba shi kaɗai yake aikinsa ba, yana cikin idon nasa.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan kisan Kyaftin Kazamaju a shekarar da ta gabata, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin yankin kafin a mayar da shi Yamai. A 1905 suka kafa hukumar kula da lafiyar 'yan ƙasa a yankunan da suke mulka na Afirka ta Yamma, a 1918 suka buɗe makarantar likitanci a Dakar. Likitocin Turawa kaɗan ne, don haka nauyin aikin ya faɗa kan 'yan ƙasa da aka koya wa allura da wankin miki da riga-kafin agana. Daga nan muka samo majo, wato babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da likita, wanda a ƙauye shi ne likitan, shi ne mai ba da magani, shi ne mai ajiyar kuɗi. Har gobe makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa da ke Yamai tana ɗauke da sunan ɗaya daga cikin irin waɗannan, Damure Zika, mu ma a Damagaram muna da tamu.

Tare da farar riga aka kawo wani sabon abu. A 1916 Faransa ta yi dokar da ta kasa magunguna masu haɗari kashi uku, aka ware masu sa maye irin su mofin a kabad na dabam mai makulli, da kundin da ake rubuta kowace kwalba, wa ya rubuta ta, wa aka yi wa. Wannan tsari ne muka gada. Ku lura da abin da ya canza: a da ana sa ido a kan mutum, yanzu ana sa ido a kan kwalba. Muddin lissafin kundi ya yi daidai, babu mai tambayar yadda mai riƙe da makullin yake kwana. Ga shi kuma an ɗauke shi daga gidansu an kai shi garin da bai san kowa ba.

Ciwon ya girmi ƙasarmu

Kada wani ya ɗauka wannan lalacewar 'ya'yan zamani ce. An tace mofin daga ƙwaryar furen da ake samun ofiyom a farkon ƙarni na 19, aka ƙera sirinjin allura a 1853, kuma tun daga lokacin likitoci da masu jinya suna cikin waɗanda suka fara kamuwa, saboda su ne kusa da maganin kuma suna ganin sun san iyakarsa. Misalin da ya fi shahara shi ne Wiliyam Halsted, ɗaya daga cikin iyayen aikin tiyata na zamani a Amurka, wanda ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata. A 1884 ya riƙa gwada hodar ibilis a jikinsa don ya ga ko za ta kashe zafin fiɗa, sai ta kama shi. Aka kwantar da shi a asibiti, aka yi masa magani da mofin, ya fita daga wancan ya faɗa wannan, kuma bai rabu da shi ba har ya rasu a 1922. Abokansa sun rufa masa asiri, sun sama masa aiki a asibitin Johns Hopkins, jama'a ba su san cikakken labarin ba sai a 1969 da aka buɗe rubutun da abokin aikinsa Wiliyam Osler ya bari. Shi ya ci sa'ar manyan abokai. Ƙananan ma'aikata da suka kamu a zamaninsa, kora ce rabonsu.

Yadda magani ya fito titi

A wajenmu, abin da ya ƙara dagula lissafi ya faru ina saurayi. A 1987 aka yi yarjejeniyar Bamako wadda ta sa marar lafiya ya riƙa biyan wani abu na kuɗin magani. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada a dare ɗaya. Talaka ya koma wajen mai tallan magani a faranti da mai kwali a kan keke, waɗanda suke sayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ta wannan ƙofa tiramol ya shigo mana. Wani kamfanin Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fara sayar da shi a 1977 don rage zafin ciwo. Na asibiti yakan zo da ƙarfin miligiram 50 ko 100, amma wanda ake kamawa a kasuwanninmu akwai mai 200, da 225, har da 250. Ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka ɗaure, shi ya sa ya daɗe yana kwarara daga Indiya ta tashoshin ruwan gaɓar teku zuwa Sahel, sai a 2018 Indiya ta tsaurara dokarsa. Ɗan kabu-kabu yana sha don ya jure rana, mai haƙar rijiya da manomi suna sha don ƙarfi, matasan fada suna sha don jin daɗi. Wanda ya kalli fim ɗin da Aisha Macky ta yi a kan matasan Kara-Kara a 2021 ya ga irin rayuwar da wannan ƙwaya ke samun gindin zama a cikinta.

Maƙwabtanmu ma haka. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwaya a shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi ne irin su tiramol da kodin. A Mayun 2018 Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya nuna abin da yake yi wa matasan Kano. Likitocin can sun kuma yi rubuce-rubuce a kan allurar fentazosin, wadda ake kira fenta, da yadda take kama masu ciwon sikila da ma'aikatan lafiya kansu.

To ku ɗora ma'aikacin jinyar karkara a kan wannan. Shi kaɗai ne ko su biyu, damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro, yara sun cika tabarmi, ga masu tamowa, ga haihuwa da tsakar dare. Ɗalibina faɗuwa ya yi a kan babur yana dawowa daga riga-kafi, ya bugu a baya. Babu wanda zai karɓe shi aiki, sai ya yi wa kansa allura ɗaya don ya iya tsayuwa. Ya ce mini, "Mushe, ta farko don ciwo na yi. Ta goma don in yi barci. Daga baya in ban yi ba sai gumi da ciwon gaɓoɓi da zawo su taso mini, ba na iya ko riƙe sirinji." Da kwalaben kabad suka fara kasa cika lissafi, sai ya koma sayen ƙwaya a kasuwar ƙauyen, a hannun mutanen da shi ne ya kamata ya yi wa gargaɗi.

Hanyoyi uku da muka sani

Abin da na gani da idona a wajenmu bai wuce uku ba. Ta farko shiru: abokan aiki su rufe, shugaba ya nemi a yi wa mutum canjin wurin aiki, a tura matsalar wani ƙauye inda wasu marasa lafiyar za su karɓe ta ba su sani ba. Ta biyu hukunci: kora, ko jandarma, domin tun 1999 Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaukar maganin asibiti laifi ne. Ta uku mari. Mun ga ƙarshen wannan a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, wata guda bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura, nan kusa da mu. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, rasa inda za su nufa suka yi.

Kowace daga cikin ukun tana da illar da take komawa kan marar lafiya. Shiru yana barin mai maye yana lissafin maganin jariri, kuma akwai haɗarin a rubuta an yi wa mai naƙuda ko mai karaya allura alhali ruwa aka ɗura masa. Tsoron kora kuwa shi ke haifar da shirun, domin babu mai kai ƙarar abokin aikinsa in ya san iyalinsa za su rasa abinci. Wanzami ba ya son jarfa, mai yi wa mutane magani shi ya fi kowa jin nauyin cewa ba shi da lafiya.

Hanya ta huɗu

A 1973 ƙungiyar likitocin Amurka ta fitar da wani rahoto da ya ce likitan da shaye-shaye ya kama marar lafiya ne, kuma wajibi ne abokan aikinsa su tsayar da shi su kai shi magani. A 1982 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta ɗauki matsayi irin wannan, a 1983 jihar Filorida ta yi dokar da ta kafa shirin farko na ma'aikatan jinya. Yau yawancin jihohin Amurka suna da irinsa. Ingila ta buɗe wa likitocinta asibitin sirri a Landan a 2008.

Ga yadda shirin yake tafiya. Mutum ya kai kansa, ko a kai shi. Nan take a dakatar da shi daga taɓa marasa lafiya, ƙwararru su duba shi, ya yi jinya. Sannan ya sa hannu a yarjejeniya ta shekara uku zuwa biyar. A cikinta za a riƙa kiransa gwajin fitsari ba tare da sanarwa ba, zai riƙa halartar zaman 'yan'uwansa ma'aikata masu irin ciwonsa, in ya koma aiki ba a ba shi makullin kabad ko aikin dare shi kaɗai har wani lokaci, kuma akwai wani babba a wurin aikin da ya san halin da ake ciki yana aika rahoto. In ya cika alƙawari, takardar aikinsa tana nan ba tabo. In ya karya, maganar ta koma gaban hukumar ladabtarwa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2008 ya bi likitoci 904 da suka shiga irin wannan shiri a jihohi 16, aka tarar bayan shekara biyar kusan kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka san makomarsu suna bakin aikinsu da lasisinsu. Shirin yana da masu suka, musamman a kan tsadar gwaje-gwajen da ma'aikaci ke biya daga aljihunsa, abin da ya fi yi wa mai jinya nauyi fiye da likita. Duk da haka ya haɗa abu biyu da mu muke rabawa, kare marar lafiya da ceto ma'aikaci.

Kuma ba sai mun je Amurka za mu ga tushensa ba. A 1954 Dakta Tomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. A ƙarshen 2014 Senegal ta buɗe cibiyar jinyar masu shaye-shaye a asibitin Fann na Dakar. Ke nan a nan Afirka ta Yamma an riga an gwada jinyar da ba sarƙa a cikinta, wadda dangi suke da hannu a ciki.

Abin da ya faru da ɗalibina

A rana ta uku na kai mahaifin wajen wani tsohon majo da ya yi ritaya a unguwarmu. Dattijon bai taɓa jin labarin Filorida ba, amma abin da ya tsara kusan shi ne. Ya sa yaron ya nemi hutun rashin lafiya, muka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya rage masa maganin sannu a hankali, domin yanke tiramol farat ɗaya yana da wahala ƙwarai, yawan shansa kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ya sa shi ya gaya wa shugabansa gaskiya da bakinsa, ya biya kuɗin kwalaben da suka ɓata. Da ya koma aiki, aka sa shi inda akwai ma'aikata da yawa, makulli yana hannun wani, lissafin magani mutum biyu suke yi. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo ya zauna da dattijon. A wata na bakwai ya zame, ya sha. Shi da kansa ya zo ya faɗa, dattijon ya ce, "Ɗana, mun koma ranar farko," aka sake ƙirga. Yanzu ya shiga shekara ta uku. Ba na cewa ya warke, shi ma ba ya cewa haka, amma yana aiki, kuma makullin bai dawo hannunsa ba tukuna.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan sa'a ce. Sa'ar dattijo mai haƙuri, da shugaba mai fahimta, da uban da ya yarda ya jira kwana uku. Babu takardar da ta tilasta wa kowa yin haka, babu gwajin da zai tabbatar da maganar yaron in ban da amana. Da shugaban ya zaɓi kiran jandarma, doka tana bayansa.

Kira gare mu

Ga hukumomin lafiya da ƙungiyoyin ma'aikatan jinya, roƙona a rubuta wannan hanya ta zama ƙa'ida: wanda ya kai kansa kafin ya cutar da wani a ba shi jinya da sa ido na shekaru, wanda ya ƙi ko ya cutar da marar lafiya ya fuskanci hukunci. Tsofaffin majo da suka yi ritaya suna nan a Birni da Zango da Sabon Gari, za su iya zama masu sa idon. Makarantun koyon aikin lafiya su riƙa gaya wa ɗalibai tun shekarar farko cewa sanin magani ba ya kare mutum daga kamuwa da shi.

Mu malamai, mu ne muke tura yara masu ƙoƙari wannan aiki. In muna darasin miyagun ƙwayoyi, kada mu tsaya a kan ɗan tasha kawai, mu gaya musu maganin asibiti ma yana kama mutumin kirki. Wannan magana ta shafe mu mu ma, don akwai malamin karkara da yake zaune shi kaɗai kamar yadda majo yake zaune.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ko 'yarku na aikin asibiti a nesa, kada ku tsaya a tambayar albashi. Ku tambayi barcinsa, ku tambayi wa ke karɓarsa in ya gaji. In kun ga rama, da saurin fushi, da yawan bashi, da doguwar riga kullum don ɓoye hannu, ku zauna da shi tun da wuri, ku nufi likita da shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma kuma ba a barin hannu mai ciwo ya ci gaba da yi wa 'ya'yan mutane allura.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.